An Ci Yaƙin Sa Mayafi, Wa Zai Saƙa Shi?

  

Duk saurayin da ya taso daga Dangamaji, ko Kimba, ko wani ƙauye na ƙasar Maiyama da Aliero, ya shiga kasuwar Jega domin haɗa kayan lefe, zai tarar da rumfuna maƙil da hijabai da gyale da ɗankwali, launi iri-iri, wasu har ƙasa wasu iya gwiwa. Babu shakka wannan abin godiya ne ga Allah Ta'ala, domin kuwa shekaru hamsin da suka wuce ba haka kasuwannin ƙasar Hausa suke ba. To amma da saurayin nan zai ɗan dakata ya tambayi mai rumfa daga ina yadin ya fito, amsar da zai ji ba za ta wuce ƙasar Sin ko Indiya ko Dubai ba. Tela ne kawai na gida, wani lokacin ma har ɗinkin daga can yake zuwa. Da wuya ya tarar da ƙyalle guda wanda za a ce audugar ƙasar nan ce, tsohuwar ƙasar nan ta kaɗa, masaƙin ƙasar nan ya saƙa, marinin ƙasar nan ya tsoma a baba.

Abin tambaya a nan shi ne, al'ummar da ta yi gwagwarmaya har 'ya'yanta mata suka sami damar rufe jikinsu, yaya aka yi ta kasa samar da abin da za su rufe jikin da shi? Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan tambaya kuwa matasa ta fi shafa, domin su ne masu sayen lefe a yau, su ne kuma masu zaman kashe wando alhali ga sana'a tana mutuwa a bayan gidajensu.

Abin da ya faru a Gimbana

Mutumin ƙasar Jega bai kamata a ba shi labarin darajar mayafi ba, domin a ƙasarsa aka zubar da jini a kansa. Kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya yi masa rahama) ya yi hijira, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi in ba Shehu ba, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga cikinsa, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Azzalumin sarki ya gane abin da da yawa daga Musulmin yau ba su gane ba, wato tufafi tuta ce. Idan ya ga rawani da mayafi suna yawaita a kasuwa, to lissafin mabiya Shehu yake yi.

Saboda irin wannan matsi ne Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, ya kwashe jama'arsa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen shekarar 1803, zamanin Sarkin Gobir Yunfa, rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, daga nan kuma jihadi ya kama. Bayan abin da ya auku tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya ƙare da rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ne ya kafa garin Jega wajen shekarar 1820, a ƙarƙashin Gwandu.

Abin lura shi ne, mayafin da Nafata ya hana, ba daga wata ƙasa aka kawo shi ba. Matan da suka ƙi cire shi su ne suka gurje audugarsa, suka shiɓe ta, suka kaɗa zaren da mazari. Mazajen da suka ƙi kwance rawani su ne suka saƙa shi a gindin bishiya. Shi ya sa Nafata yana iya hana sawa da ƙarfin takobi, amma ba shi da ikon rufe wata hanya ya ce kaya ba za su shigo ba.

Lokacin da ƙasar Hausa ke tufatar da maƙwabta

Shugabannin jihadi ba su ɗauki sana'a a matsayin abin da ke wajen addini ba. Ruwayoyin tarihi sun nuna Shehu da kansa yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa. Muhammadu Bello kuwa, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu, ya kuma nemi a tabbatar kowane gari yana da nasa. Nana Asma'u, idan za ta naɗa jaji mai jagorantar 'yan taru, malfa take ba ta tare da jan ƙyalle da ake ɗaurawa a jikinta. Ko a nan ma tufafi ne alamar izini da amana.

Sakamakon wannan tsari bai ɓuya ba. Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, zango ce ga fataken da ke ɗauke da tufafi da kanwa da fatu zuwa Gwanja su komo da goro. A Kano kuwa, Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shigo da sunan Abdulkarim a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga garin a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ya kuma bayyana cewa suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne abin da Abzinawa ke naɗawa a cikin Sahara. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, yana nan har yau yana ba da shaida.

Ko siliki ma ƙasar nan tana da nata. Akwai wata tsutsa da ke cin ganyen tsamiya da wasu itatuwa, ta taru da 'yan uwanta su yi gida guda na zare. Mutanen daji kan tsinto gidajen nan su kawo kasuwa, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya fita, a wanke a shanya, sa'an nan mata su kaɗa. Zaren da ke fita launin ƙasa-ƙasa ne, mai ƙarƙo, shi ake kira tsamiya, da shi ake saƙa rigar tsamiya, da shi kuma ake yin aikin aska biyu da aska takwas a wuyan manyan riguna. Yarbawa suna kiransa sanyan. Ban da shi akwai alharini, jan siliki da ake kawowa ta Tarabulus da Gadamus a kan raƙuma. To amma ko shi alharinin, zare yake zuwa, masaƙan gida ne ke sarrafa shi su mai da shi barage da zannuwan mata. Wato ko abin da aka shigo da shi sai ya bi ta hannun ɗan ƙasa kafin ya hau jikin 'yar ƙasa.

Yadda aka karya masaƙa

Turawan mulkin mallaka ba su ɓoye abin da ya kawo su ba. A 1902 attajiran Manchesta suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, shekara guda kafin a ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Manufarsu ita ce ɗanyar auduga ta tafi Ingila a farashin da suka yanke, ta komo a matsayin akoko da atamfa a farashin da suka yanke. Aka shimfiɗa layin dogo ya isa Kano a 1911, aka kafa injinan gurzar auduga, aka kuma ɗora haraji da kuɗin Bature, domin manomi ya rasa yadda zai yi sai ya sayar musu.

Duk da haka masaƙa ba su faɗi nan take ba. A ƙasar Kano masaƙan gida sun riƙa sayen auduga da farashin da ya fi na kamfanin Turawa, har dai manoma suka karkata ga gyaɗa, lissafin Manchesta ya ruguje. Tsofaffin da ke raye a ƙauyuka za su iya ba da shaida cewa har bayan samun mulkin kai amarya ba ta rasa gwado da zanen saƙi a cikin kayanta.

Sai kuma aka shiga zamanin masaƙun inji. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano da Gusau da Funtuwa. Waɗannan sun rage wa masaƙin hannu kasuwa, amma dai audugar ta gida ce, ma'aikatan ma 'ya'yan talakawan ƙasa ne. Daga 1986 gwamnatin soja ta rungumi shirin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka tsara, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Wutar lantarki ta ƙi samuwa, baƙin mai ya yi tsada, kaya kuma suka riƙa sauka a tashar Kwatano suna biyowa ta Jamhuriyar Nijar suna kwararowa ta kan iyaka, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Gaya, maƙwabciyar Kamba a nan Jihar Kabi. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana. Kantin Kwari bai daina cika ba, sai dai masu kayan ne suka sauya.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba Bature ne ya shiga gidan kowa ya karya mazarin kakarsa ba. Jama'a ne da kansu suka koyi raina abin da hannunsu ya yi, har kalmar "ɗan gida" ta zama zagi ga kaya, "ɗan waje" ta zama yabo. Saurayi ya ji kunyar a ce ubansa marini ne saboda baƙin da ke hannunsa. Budurwa ta ce zanen saƙi na ƙauyawa ne. Wannan shi ne mulkin mallakar da ya fi na bindiga muni, domin shi ba ya bukatar soja.

Labarin wasu Musulmi a Azarbaijan

A can gabar tekun Kasbiyan, arewa da Iran, akwai ƙasar Azarbaijan, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Matansu suna da wani mayafi na siliki mai kusurwa huɗu da suke kira kalagayi. Garuruwa biyu ne suka shahara da yinsa, wato birnin Shaki, wanda ya daɗe da suna wajen kiwon tsutsar siliki, da wani ƙaramin gari a cikin duwatsu mai suna Basƙal.

Aikin yana bin hannaye da dama. Masaƙi zai zaɓi siririn zare ya saƙa, a dafa yadin a shanya, a yanka shi murabba'i. Sai mai zane ya ɗauko hatimin katako wanda aka sassaƙa wa ado, ya tsoma a cikin narkakken haɗin ƙaro da kakin kyandir da mai, ya danna a jikin yadin. Idan marini ya tsoma shi a rini, duk inda hatimi ya taɓa ba ya kama launi. Ana iya maimaita haka fiye da sau ɗaya gwargwadon launukan da ake so, daga ƙarshe a wanke kakin da ruwan zafi, zane ya fito. Launukan daga tsirrai ake samo su. Marinan Ƙofar Mata ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin hikimar ɗaya ce da ta ɗauri da ɗinki da suke yi kafin tsomawa a baba. Ba a koyon wannan sana'a a aji, a gida ake gadonta, ɗa ya zauna kusa da uba, kowane gida kuma da irin zanensa. Launi yana magana: ja na amarya ne, masu duhu na dattijai mata da zaman makoki. A al'adarsu ta dā, idan faɗa ya kaure tsakanin maza, mace ta cire kalagayinta ta jefa a tsakiya, to dole a mai da wuƙa kube. Dubi irin kwarjinin da mayafi yake da shi a wurin mutanen da suka san darajarsa.

A watan Afrilun 1920 jar rundunar 'yan gurguzu ta shiga Baku, ƙasar ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet har zuwa 1991. A cikin waɗannan shekaru saba'in an rufe mafi yawan masallatai, an yi gangamin raba mata da lulluɓi tun daga ƙarshen shekarun 1920, har a 1960 aka kafa wani gunki a birnin Baku na mace tana yaye lulluɓinta, aka kira shi gunkin 'yantacciyar mace. Sana'ar kalagayi ta yi rauni ƙwarai, musamman a rikicin tattalin arzikin da ya biyo bayan rushewar Sobiyet. Amma a farkon shekarun 2000 wasu 'yan ƙasar suka tashi suka nemo tsofaffin gwanayen da suka rage a Basƙal, suka buɗe musu wurin aiki, suka haɗa su da matasa. A watan Nuwamban 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya kalagayi cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Kafin ɗan uwa ya tafa musu, sai ya ji sauran labarin. Gwamnatin da ta kai kalagayi gaban UNESCO, ita ce dai a ƙarshen 2010 ma'aikatar iliminta ta hana ɗalibai mata shiga makaranta da hijabi, Musulmi suka fito zanga-zanga a Baku, aka kama da yawa daga cikinsu, wasu aka ɗaure su. Wato masu mulki suna son mayafi a gidan tarihi da kantin 'yan yawon buɗe ido da wuyan masu tallan kwalliya, amma ba sa son sa a kan 'yar makaranta da ta sa shi domin Allah. Tunanin Nafata bai mutu ba, kwat kawai ya sa.

Darasi biyu ke nan a wuri guda. Masu mulkin can sun adana ƙwarya suna neman zubar da nonon. A nan kuwa Allah Ya taimaka an riƙe nonon: umarnin da ke cikin Suratun Nur aya ta 31 da Suratul Ahzab aya ta 59 ya zauna a zukatan mata, tun daga farkawar shekarun 1970 da 1980, har ta kai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi na makarantun gwamnatin Legas haƙƙin sa hijabi. Sai dai ƙwaryar da aka zuba nonon ta aro ce. Ranar da mai ƙwarya ya ƙara kuɗi, ko dala ta tashi, ko aka rufe iyaka, a jikin talaka ake gani. Duk wanda ya haɗa lefe daga 2023 zuwa yau ya san wannan ba sai an karanta masa a jarida ba.

Hanzarin da ake kawowa

Wani zai ce ai siliki haramun ne, ina ruwan mai kishin addini da shi? Wannan rabin ilimi ne. Manzon Allah (SAW) ya haramta wa maza sa alhariri da zinari, ya halatta su ga mata. Ya kuma tabbata a cikin ingantattun littattafan hadisi cewa ya aika wa Sayyidina Umar (RA) da rigar alhariri, da Umar ya yi mamaki sai ya bayyana masa cewa ba don ya sa ya ba shi ba, sai don ya sayar ko ya tufatar da wani. An kuma yi rangwame ga namiji a kan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba na ado. Ashe ke nan saƙa siliki da rina shi da sayar da shi domin mata halal ne tsantsa. Sharaɗi dai shi ne mayafin fita ya kasance mai kauri ne mai suturtawa, ba shara-shara ba. Mai laushi da ado a bar shi na cikin gida.

Wani kuma zai ce saƙa da rini sana'ar ƙasƙanci ce, shi ɗan makaranta ne. Sai a tambaye shi, ya fi Annabi Dawuda (AS) ne, wanda Allah Ya ba shi annabci da mulki, amma yana ƙera sulke yana ci daga aikin hannunsa? Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa. Raba sana'o'i zuwa na 'ya'yan manya da na 'ya'yan talakawa al'adar jahiliyya ce da ta saura a cikin jama'a, ba ta da gurbi a Musulunci. Abin ƙasƙanci shi ne ƙato ya wayi gari a bakin titi yana jiran ɗan siyasa ya ba shi na shan miya domin ya riƙe masa gora. Baƙin baba a hannu ya fi wannan tsarki nesa ba kusa ba.

Hanzari na uku shi ne mai nauyi, kuma gaskiya ne: saƙin hannu yana da tsada, yana cin lokaci, ba zai iya gogayya da yadin roba da inji ke fitarwa dubbai a yini ba. Babu mai hankalin da zai ce a tufatar da matan Jihar Kabi kaf da ƙoshiyar masaƙi. Babu kuma wanda ya ce hijabin yadin waje haramun ne, ko a ƙyamaci wadda ta sa shi, domin ciniki da sauran al'ummu halal ne, sutura kuma wajiba ce da duk abin da ya sawwaƙa. Maido da masaƙun inji da noman auduga babban aiki ne da ke wuyan masu mulki, za a kuma ci gaba da tuhumarsu a kai. Amma mutanen Basƙal ma ba su kori yadin Sin daga kasuwarsu ba. Abin da suka yi shi ne sun hana ilimin ya shiga kabari, sun sama wa nasu gurbi a wurin biki da kyauta da girmamawa, inda mutum ke biyan kuɗi domin daraja. Injin da ya tsaya ana iya tayar da shi da kuɗi. Ilimin da ke kan tsoho kuwa, in an binne shi an binne ke nan.

Abin da ya rage ga matasa

Abu na farko shi ne bincike. 'Yan uwa na kowace unguwa da kowane ƙauye, daga Dangamaji zuwa Aliero zuwa Maiyama, su tambayi iyaye da kakanni: wa ke saƙa a garin nan a dā? Ina karofin yake? Wace tsohuwa ce har yanzu take da mazari da alli a cikin taskira? A je a gaishe su, a zauna a gabansu da ladabi kamar yadda ake zama gaban malami, a rubuta sunayen kayan aiki da na zane-zane, a ɗauki aikin da wayar da ke aljihu. Wayar da ake ɓata dare da ita a kan kallon ƙwallo da musun banza za ta iya wannan hidima.

Na biyu, a fitar da mutum biyu ko uku daga kowace da'ira waɗanda za su koyi sana'ar da gaske, 'yan uwa su ɗauki nauyin cinsu na watannin koyo. In babu gwani a kusa, a tura su inda yake, Kano da Kura da Zariya da Bida ba su gagari mota ba. Matashin da ya iya zuwa Legas ko Fatakwal da buhun albasa ko ci-rani, tafiya neman sana'a ba za ta yi masa wuya ba. 'Yan uwa mata kuma a makarantun Islamiyya a farfaɗo musu da kaɗi da saƙar mata, wadda ake yi a cikin gida ba tare da an keta haddin kowa ba. Wannan hanya ce ta samun na kai ga zawarawa da matan da aka bar wa marayu.

Na uku, kayan rini ba su yi nisa ba. Baba yana fitowa a ƙasar nan, ga karan dafi mai ba da ja, ga rawaya da gangamau, ga bagaruwa. Ɓawon albasa ma, wanda iska ke kwashewa a wuraren ajiyar albasa na Aliero, marina a ƙasashe da dama suna fitar da launin rawaya da na ƙasa daga jikinsa. Jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kabi ta kafa a Aliero a 2006 tana da ɗalibai masu karanta ilimin haɗa sinadarai da na noma, cikinsu akwai 'yan uwa. Me zai hana ɗalibi ya yi aikin bincikensa na ƙarshe a kan yadda launin ɓawon albasa zai zauna a jikin auduga ba ya zuba, ko yadda za a sirirta zaren hannu ya yi daidai da zafin ƙasar nan? Ilimin da bai taɓa rayuwar maƙwabci ba, ado ne kawai na takarda.

Na huɗu shi ne kasuwa, domin sana'ar da ba a saya ba ta rayuwa, ko da an yi mata wa'azi dubu. A nan ne mai shirin aure yake da iko a hannunsa. Ba ana cewa a ƙara wa lefe nauyi ba ne, nauyin da ke kansa ma ya isa, ya hana matasa da yawa aure. Ana cewa ne a rage. Maimakon turame goma na gasa da nuna isa, a cire biyu ko uku, a sa kuɗinsu a mayafi ɗaya ko zane ɗaya na saƙin gida. Haka kuma idan za a yi wa uwa ko malama kyautar salla, ko za a karrama ɗalibar da ta sauke Alƙur'ani. Aure ɗari a shekara a ƙasar Jega, in kowanne ya sayi ƙyalle guda, masaƙi ya sami dalilin zama a kan aikinsa, ɗansa kuma ya sami dalilin zama kusa da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Kada wanda ya koya ya yi algus, ya sayo zaren roba da hodar rini ya ce na gargajiya ne, domin mai ha'inci ba ya cikin tafarkin Manzon Allah (SAW), kuma ƙarya ɗaya tana iya kashe kasuwar mutum ɗari. Kada kuma a mai da abin na burge Turawa da neman lambar yabo daga wata hukuma ta waje. In yabo ya zo daga baya, ya tarar da aiki. Niyya dai ita ce suturta Musulma da halaliyar hannun Musulmi, da fitar da matashi daga zaman banza da maula.

Mutanen Gimbana sun ba da rayukansu a lokacin da sa rawani da mayafi ya zama laifi a ƙasar Gobir. Abin da ake nema ga jikokinsu a yau bai kai wannan ba. Ana nema ne su zauna gaban tsoho su koya, su cire girman kai, su saya daga hannun ɗan uwansu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tsofaffin da suka san aikin nan kuwa ba za su jira ba, kowace damina ana rage su.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a hannun masu neman halal, Ya suturta Musulmi duniya da lahira, Ya sa a gane gaskiya a kuma bi ta.